Ƙafar Phoebe

Shekara uku Phoebe tana buga bayibrafon, amma ba wanda ya taɓa gaya mata gaskiya sai Oga Kabiru, shi kuwa bai iya tauna magana ba. Shi ne shugaban 'yan kiɗan jaz da ke wasa duk Asabar a wani lambun shaƙatawa a GRA. Ana tsakiyar gwaji ya cire saksofon daga bakinsa ya dube ta.

"Hannunki na gudu, amma abin da ke fitowa kunu ne. Ba na jin inda wani sauti ya ƙare, wani ya fara. Nan da mako biyu zan sake saurara. In haka na ji, mai fiyano zan kira ya maye gurbinki."

Bayibrafon dai jeren faffaɗan ƙarafa ne da ake duka da 'yan sanduna masu kan zare. A ƙasa akwai abin takawa: in ka taka, sauti ya yi ta amo, in ka ɗaga ƙafa ya mutu. Bayibrafon ɗin na marigayi mahaifinta ne, kuma duk garin ba wata ƙungiya da ke neman mai buga irinsa. In aka sallame ta, sai dai ta lulluɓe shi da zani.

To, me ta yi? Abin da duk mai taurin kai ke yi. Ta kulle kanta a ɗakinta na haya a Yelwa, ta ƙara gudu. Tun safe har la'asar take dukan ƙarafan nan, har kanta ta fito mata a yatsu. Kunun dai sai ƙara kauri yake.

Rana ta huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Habibatu ce, telar da ke ɗinki a ɗakin da ke jikin nata, da tef a wuya.

"Sannu, Hajiya. Na dame ki ko?"

"Kin dame ni mana. Amma ba shi ya kawo ni ba. Buga in gani."

Phoebe ta buga. Hajiya ko kallon hannunta ba ta yi ba, ƙasa ta zuba wa ido.

"Na faɗa a raina. 'Yar nan, ƙafarki barci take. Kin taka abin nan kin manta da shi. Biyo ni."

Ta zaunar da ita a kan tsohon keken ɗinkinta na ƙafa, ta zana murabba'i da alli a kan wani ƙyalle, ta ce ta bi layi, ta tsaya daidai kusurwa. Phoebe ta taka, allura ta wuce kusurwa ta yi gaba abinta. Ta sake, ta sake wucewa. Kunya ta kama ta, ga haushi.

"Takawa kowa ya iya," in ji Hajiya. "Tsayawa ce sana'a. Tun kafin ki iso kusurwa ƙafa za ta san da zuwanta."

Daga ranar tsarin ya canza. Da safe ƙyalle goma a kan keke. Sannan ta koma ɗaki, ta ajiye duk waƙoƙin gudu, ta ɗauki guda ɗaya mai sanyi. Ta buga sauti, ta ɗaga ƙafa, ta saurari shirun da ya biyo baya, sannan ta buga na gaba. Abin gundura ne, wallahi, har kuka ta yi ranar farko. In ƙafar ta makara, sai ta ji an buga bango sau ɗaya daga ɗakin Hajiya. Ranar farko bangon ya sha duka. A mako na biyu, sai a wuni ba a taɓa shi ba.

Ranar gwaji ta ɗauki sanduna. Suka fara. Ba su yi nisa ba Oga Kabiru ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Phoebe ta ce a ranta shi ke nan, ta ƙare.

Ya juya wajen mai ganga. "Muktar, rage hannu. Ina so in ji ta."

Suka sake ɗauka. Har waƙar ta ƙare bai mayar da saksofon bakinsa ba. Da suka gama ya ce, "Asabar, ƙarfe huɗu. Ke za ki buɗe."

Ba ta tsaya hira ba, ta tari Keke Napep sai Yelwa. Ta tarar da Hajiya ta duƙufa a kan wuyan wata riga. Sai kawai Phoebe ta durƙusa a bakin ƙofa, hawayen farin ciki na zuba.

Hajiya Habibatu ta kai kusurwa, ta tsayar da keke, ta dube ta ta saman tabarau.

"Sun riƙe ki?"

Phoebe ta gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. To tashi, 'yata, kin tare mini haske."