Yinin da Baba Ya Yi wa Gidan Malta

Ni dai tun ina makarantar koyon aikin jinya na san ba a Dutse Alhaji zan tsufa ba. Ba raini ba ne, unguwarmu ce, a nan aka yanke mini cibiya. Amma mutum ya yi shekara da shekaru yana kokawar shiga mota da asuba zuwa Maitama, ya yini yana yi wa masu kuɗi allura, ya dawo ya tarar babu wuta babu ruwa, ai dole wata rana ya ce ya isa haka. Da ƙawata Juliet ta kira ni daga tsibirin Malta ta ce asibitin da take aiki na neman ma'aikata, ban tsaya dogon tunani ba. Na yi jarrabawarsu, na ci, suka ce in zo.

Ba albashin kaɗai ya ja ni ba, har da rana. 'Yan ajinmu da suka tafi Ingila da Kanada in sun turo hoto sai ka ga mutum a naɗe kamar ƙullin alale, hanci kawai ke waje. Ni ban iya sanyi ba, kuma ina da tsoho. Mahaifina, Baba Zakariyya, ya haura saba'in, kuma tun da Mama ta rasu ni ce a kansa. Yayana Silas yana Mararaba yana fama da shagon kayan gyaran mota da tarin 'ya'ya, sai ran Lahadi muke ganinsa, shi ma in hanya ta bar shi. Saboda haka na faɗa wa duk mai kunnen ji cewa ƙafata ƙafar Baba. In ya yarda zai biyo ni, zan tafi in yi aiki, in sayi gida, in dawo in ɗauke shi. In ya ce a'a, in mayar wa mutanen da aikinsu. Kuma suna jiran amsata.

Juliet har ta samo mini gidan. Ɗan ƙarami ne na dutse, kusa da nata, na wata tsohuwa da za ta koma wurin ɗanta. Ta yarda in fara da haya, in na tsaya da ƙafata ta sayar mini. A hoto bangon fari fat, ƙofa shuɗiya, ga tsakar gida rana ta cika shi. Akwai ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba. Ina gani na ce wannan na Baba ne, har na zaɓi inda zan sa masa rediyo.

Na kai masa hoton yana zaune a gindin mangwaron gidanmu. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ban ƙi ba, Mamana," ya ce. Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Amma ban yi masa yini ba."

Na san za a zo nan. Baba ba ya yarda da gida sai ya yi masa yini. Zai ɗauki kujerarsa ta katako da gorar ruwa, ya zauna a filin tun fitowar rana har faɗuwarta, yana kallon inda inuwa ke sauka da inda take komawa. Daga nan ne zai ce a saya ko a bari. A inda Maitama take yanzu aka haife shi, kuma da aka tashe su, filin da muke ciki sai da ya yi masa yini kafin ya kafa ko sanda. Duk danginmu haka suke ɗauko shi, har maƙwabta. Shagon Silas ma sai da ya sha yininsa a bakin titin Mararaba, hayaƙin mota na bulbule shi. A wurin Baba, abin da ake saya a gida inuwa ce, bulo kowa na iya bugawa.

Ya miƙo mini wayar yana ɗan murmushi, a ganinsa ya ɗaure ni. Ya manta 'yar wa ce ni.

"Za ka yi masa, Baba," na ce. "Ran Asabar."

Na shirya komai da Juliet. Za ta karɓi makulli wurin tsohuwar, ta jingina tsohuwar wayarta a kan bokiti a kusurwar tsakar gidan, ta jona mata caji, ta kira mu ta bidiyo ta bar ta a nan ta tafi aikinta. Ni kuma na loda data, na aro fawa bank biyu wurin Maiturare mai shago a ƙofar gidanmu, don ban isa in dogara da masu ba da wutar lantarki ba.

Ran Asabar Baba ya fito da kayan cocinsa, har da hula. Na ce ina zuwa? Ya ce gidan mutane za shi, ba zai je da singileti ba. Na ɗora wayar a kan turmi a gabansa. Gari bai gama wayewa ba a Dutse, amma da hoton ya buɗe sai ga rana tuni ta hau bango a can.

"Ka gani ko," ya ce, ransa a ɓace. "Ta riga ni. Wace irin rana ce ba ta jiran mutane?"

Ya gyara zama duk da haka. Masu wucewa suka fara leƙowa. Maiturare ya baro shagonsa ya tsaya a bayansa yana kallon farin bango da bokitin fulawa guda.

"Baba, wane fim ne wannan ba a motsi?"

"Gida nake dubawa. Matsa, kana tare mini haske."

Damina ce, wajen azahar hadari ya haɗo ta wajen Bwari, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka kwashi turmi da kujera muka koma baranda. Mu nan ruwa na dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai, a cikin wayar kuwa ko gajimare babu. Sau biyu netwok ya ɗauke, kuma duk lokacin sai Baba ya juyo ya harare ni kamar ni na kashe. Ya ƙi shiga ɗaki cin abinci, a nan na kawo masa doya da miya, ya ci idonsa a kan waya.

Ni ma ina satar kallo, kuma abin da nake gani bai yi mini daɗi ba. Inuwar gidan 'yar siririya ce, tana maƙale da gindin bango, ta ƙi fitowa tsakiya. Babu bishiya ko ɗaya. Na san fuskar Baba in gida bai yi masa ba, leɓensa na ƙasa yakan turo gaba, kuma tun kafin la'asar ya turo. Amma na ƙi karaya. Na ce a raina in inuwa ce matsalar, zan kafa rumfa, zan dasa masa mangwaro ko da a cikin durom ne.

Rana ta faɗi a Dutse, aka kira magariba a masallacin bayanmu, a can kuwa har yanzu akwai sauranta a saman bango. Sai ga Juliet ta dawo daga aiki da kayan asibiti a jikinta, ta ɗaga wayar.

"Baba, ina wuni? An sha zama. Yaya ka ga gidan?"

"'Yata, wa ya cuce ki?" in ji Baba. "Gidan nan ba inuwar da akuya za ta kwanta. Tun safe rana ke dukansa. Mai shi ta san abin da take gudu."

Juliet kuwa sai ta fashe da dariya har wayar na rawa.

"Haba Baba, ai shi ya sa kowa ke rububinsa! Nan fa inuwa ake gudu. Shekarata ta farko gida mai inuwa na kama, ina murna na samu arha. Da sanyi ya shigo, bango ya dinga zufa, kayana suka yi fumfuna a cikin wadrob, tari bai sake ni ba sai bayan Ista. Gidan da rana ke shiga shi ne gida a nan. Tsofaffinsu ma in sanyi ya zo, kujera ake fitar musu su bi rana."

"Su bi rana?"

"Wallahi, Baba. In ta matsa a matsar da su."

Sai Baba ya shiga yi mata tambayoyi, a hankali, ba da wasa ba. Ta ina iska ke zuwa? Wane wata ake shuka? Ruwan sama da zafi yake zuwa ko da sanyi? Ta ce da sanyi, lokacin zafi ko ɗigo babu. Ya sa ta maimaita. Ya gode mata, ya sa mata albarka, ya miƙo mini wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu.

"Ki saya," ya ce. "Gida ne mai kyau."

Na yi tsalle na buga guɗa, har Maiturare ya leƙo. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinsa ina zuba, ina gaya masa yadda jirgi yake, yadda zan saya masa rigar sanyi, yadda zai ga teku da idonsa. Ya bar ni na gama.

"Ɗakin ƙasan nan, ki sa gadonki a ciki. Ni ba zan je ba."

"Baba, yanzu fa ka ce mai kyau ne."

"Juliet ta ce. Ni na yini ina kallo na ce ba shi da kyau." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Mamana, a nan in na buɗe baki a kan gida, ko a kan ruwa, ko a kan ƙasa, mutane na tsayawa su ji. Can komai a juye yake. Zan zama tsohon da ake fitarwa rana da safe a shigar da shi da yamma. Ban shirya ba."

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi masa ba. Na miƙe na ce to shi ke nan, ni ma babu inda za ni, gobe zan gaya musu su nemi wata. Na ce ya sa na ƙona data, na yi aro a unguwa, ashe tun farko ya san abin da zai ce.

"Ban sani ba," ya ce. "Da gaske na je duba gidan. Da na ga inda zan zauna, da na bi ki." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ba ki isa ki fasa ba. Na ce a saya. Tun da nake, ban taɓa cewa a saya aka bari ba, ba kuma daga kanki za a fara ba. Kira mini Silas."

Kwana biyu ba na masa magana sai gaisuwa. A na uku na amsa wa mutanen Malta cewa ina zuwa, don na san Baba, na kuma san kaina. Zan je, zan yi aikin, gidan nan mai shuɗiyar ƙofa zan saye shi, wannan ko tantama ba na yi.

Ran Lahadi Silas ya zo da matarsa, suka duba ɗakina da za su dawo ciki su kula da Baba. Na zaunar da shi a baranda na ɗauko na'urar gwajin hawan jini, na ce ya gwada Baba in gani. Ya naɗa ta a juye, igiyar na kallon kafaɗa. Na buge masa hannu na warware. Baba ya miƙa hannunsa yana ta dariya, wai in bi yaron a hankali, tayar mota ya saba ɗaurewa. Ni kuwa ina jin haushin Baba ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi yawa. Na sa yatsun Silas a daidai inda jijiyar take bugawa, na danne su da nawa har ya ce ya ji.

"Sake," na ce masa. "Daga farko."