Idon Inna

Malam Ɗantsoho yana koyar da ɗaukar hoto a wani ɗaki bayan shagonsa a Tudun Wada. A ƙarshen benci nake zama, ba na tambaya. Ranar da ya koya mana saita gilashin kyamara ya ce, "Ido za ku nema. In ido ya fito tar, hoto ya yi. In bai fito ba, ɗankwali kuka ɗauka." Ya ba mu aron kyamara, ya ce kowa ya kawo fuskar wani na gida.

Ni fuskar Inna nake so. Ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, kowa a gidan ya sani. Amma ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. Haka ta taras ana yi a gidansu. Ni dai ina son ta dube ni sau ɗaya, ko ta cikin gilashi ne.

Na durƙusa gabanta a tsakar gida. Ina ɗaga kyamara ta kau da kai. Na koma wancan gefen, ta juya.

"Inna, ki dubi nan."

Ta ce wa kazar da ke kiwo kusa da ita, "Ki ce wa mai hoton nan ta tare min iska."

Da Malam ya duba aikina a aji, ya ce, "Fiddausi, wannan kunne ne, wannan ƙeya. Wannan kuwa mutum ne ko hayaƙi?" Aka yi dariya. Bayan an watse na faɗa masa dalili a hankali. Ya nuna min wani madanni a jikin kyamarar. "Ki danna ki bar wurin. Za ta ɗan jira, ta ɗauka da kanta."

Na kifa turmi, na ɗora kyamarar, na saita ta a kan fuskar Inna. Na danna, na juya baya na nufi randa kamar zan sha ruwa. Na ji ƙyas. Da na leƙa hoton na ga ba gilashin take kallo ba. Na mayar wa Malam kyamarar.

Inna ta rasu kafin azumi. Bayan an share makoki Malam ya aiko in zo. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya faɗaɗa shi. Idanunta sun fito tar, a jiƙe, sun karkata gefe. A bakin hoton, inda take kallo, akwai dishi-dishin hijabina da bayana.

Ban koma aji ba tukuna. Yanzu duk lokacin da na sunkuya a bakin randa sai in ji ana kallon bayana. Nakan daɗe a tsaye da moɗa a hannu. Ba na waiwayawa, kada ta kau da kai.