Amsar Tabawa

"Tambaya ta huɗu," na ce, alƙalamin bik a hannuna. "Taku nawa kike yi ba sanda?"

Tabawa ta dubi ƙafafunta a kan tabarma. "Da sauƙi, Yaya."

Maƙwabciyata ce a unguwar Maourey, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara shida tana fama da ciwon jijiyoyi, wanda in ya lafa ya dawo sai ya tafi da wani abu: yau ido, gobe hannu. A shekarar farin nan, lokacin da sojoji ke rabon jar dawa, lokotoron asibiti ya ba ta takardar tambayoyi da Faransanci. Mai ciwo ne zai auna kansa da bakinsa. Keken guragu uku aka kawo asibiti, na waɗanda amsarsu ta fi tsanani. Ni na yi lakwal, na iya Faransanci, shi ya sa aka kira ni in cike mata.

To, wa ya taɓa jin an tambayi mutum jiki ya ce ba sauƙi? Na san gaisuwa take amsawa. Na kuma san ko taku biyar ba ta yi.

Amma a lokacin mijinta Sumana ya shigo daga kasuwar Petit Marché, ya ajiye kwando, ya gyara mata ɗankwali, ya ɗauke ta cak ya mayar inuwa. Ni kuwa mijina Isa, na kwana uku da zazzaɓi bai ce sannu ba. Kishi nake, ba zan ɓoye ba. Raina ya ce, wadda ake ɗauka haka, me za ta yi da keke?

Tambaya goma sha biyu, duk na rubuta abin da ta faɗa.

Keken ya tafi wani gida. Sumana ya ci gaba da ɗaukarta har bayansa ya riƙe, ya koma janta a hankali, hannuwansa a hamatarta. Daga baya ta daina fitowa. Gyambon kwanciya ya kama ta, kafin damina ta rasu.

Ranar uku Sumana ya tare ni a ƙofa. "Hajara, Allah ya saka. Ke kaɗai kika zauna kika tambaye ta yadda take ji."

Na raɓa shi na shige gida.

Har yau in na leƙa ta katanga ina ganinsa yana shara. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin dalbejiya akwai layi biyu da dugaduganta suka ja a ƙasa. In ya zo wurin sai ya ɗaga tsintsiya.