Ɗanyen Yaɓe a Fadar Zangwai

Saura kwana tara gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, ogan Rosemary ya jefa mata fayil a kan tebur. Ko zama bai yi ba. Ya ce baƙi na zuwa daga ƙasashen waje domin bikin tarewa, kwamitinsu ne zai zaga da su gari, kuma ana so a nuna musu wani abu mai shekaru kada su koma su ce birnin ba shi da kakanni. An zaɓi tsohuwar fadar Zangwai. An ba ɗan kwangila aikin ya shafe ta da siminti, ya yi mata farin fenti.

"Ki je ki duba, ki sa hannu a fara aiki. Motoci duk sun fita, sai dai ki bi tankar ruwan da za mu aika musu. Na sa sunanki a takardar motar."

Haka Rosemary ta hau gaban tanka da siket ɗinta na ofis, direba Zacharias yana ta ba ta haƙuri duk lokacin da suka faɗa rami. 'Yar Kafanchan ce, shekararta shida tana aiki a Ikko kafin a kwaso su, kuma ba ta taɓa jin sunan Zangwai ba. Zacharias ne ya ba ta labari a hanya. Da can masarauta ce mai ganuwarta da mayaƙanta. Turawa suka zo suka rage ta, iyakar sabon birni ta zo ta haɗiye sauran. Sarkin yanzu ya koma sabon gida mai bene a bakin titi, ya bar tsohuwar fada a hannun Sarkin Magina.

Tun daga nesa Rosemary ta hango fadar, jar ƙasa, doguwa, da zankwaye a samanta kamar kunnuwan zomo. A gabanta an jibge buhunan siminti da yashi tifa biyu. Leburori goma sha biyu na zaune a gindin mangwaro suna ɓare gyaɗa. Wani mutum mai farar shadda da baƙin gilashi yana ta kai da kawowa, yana ganin tanka ya nufo ta.

"Madam, gara da kika zo. Ni ne Alhaji Badaruddeen, mai aikin. Tun hantsi nake fama da mutanen nan, sun ƙi ɗaga cokalin gini."

"Me ya hana su?"

"Tambayi wancan tsohon."

A bakin zauren fada wani dattijo na zaune kan buzu, sanda a gicciye bisa cinyarsa. Siriri ne, amma hannuwansa manya, duk sun tsattsage. Rosemary ta rusuna ta gaishe shi. Ya ce sunansa Yamusa, shi ne Sarkin Maginan Zangwai, kuma a garin nan ba mai taɓa bangon fada, ko da ɗan yatsa, sai Sarkin Magina ya fara manna dunƙulen farko da hannunsa.

"To Baba, ka manna mana a wuce wurin."

"Da siminti? Sai dai in an yanke hannun an manna da shi." Ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, kin taɓa shiga gidan nan?"

"A'a, Baba."

"Amma kin zo da biro. Cire takalmi ki biyo ni."

Tana sa ƙafa cikin soron farko wani sanyi ya ratsa ta har wuya. Ta ɗaga kai. Rufin ya tashi sama ƙwarai, bakunan gini takwas masu lanƙwasa sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, inda aka kafa wata tsohuwar tasar tagulla. Jikin bangon duk zane ne, wani kamar takobi, wani kamar igiyar da aka ƙulla ba a ga bakinta ba. Ta manta da fayil ɗin da ke hammatarta.

"Kakan kakana ya ɗaura wannan," in ji Yamusa. "Azara ce da ƙasa, ba ƙusa ko ɗaya. A nan sarakunanmu goma sha ɗaya suka yi shari'a. Kin ga wancan gurbin? Nan ake jingine masu laifi su huce kafin a tambaye su."

"Baba, ai ni ma da za a jingine ni a nan, ba na koma ofis ba."

Ya yi 'yar dariya, amma bai tsaya ba. Ya ratsa da ita soro na biyu, suka bi wani lungu, suka ɓulla bayan fada. Nan ta ga bango ɗaya da ya fita daban, sumul, toka-toka, an shafe shi da siminti.

"Ka gani, Baba? Wannan ai ya fi kyau."

"Wani ɗan garin nan ne ya yi arziki, ya ce zai taimaki fada. Da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai ke nan. Ƙwanƙwasa ki ji."

Ta ƙwanƙwasa. Bangon ya amsa kamar ganga. Yamusa ya ce ta ja baya, ya ɗaga sandarsa ya doka sau ɗaya. Wani falle mai faɗin tabarma ya ɓalle ya tarwatse a ƙasa. Abin da ke bayansa ba bango ba ne kuma. Baƙar laka ce mai wari, tana zubowa, gara na ta gudu a cikinta. Rosemary ta toshe hanci.

"Ginin ƙasa numfashi yake yi, 'yata. Da damina ya sha ruwa, da rani ya fitar. In kika rufe shi da siminti, ruwan zai shiga ta sama da ta ƙasa, ya rasa hanyar fita, sai ya zauna ya ci bangon daga ciki. Leƙa ɗakin nan."

Ta leƙa. Babu rufi. Azarori ne zube, ciyawa ta tsiro a tsakaninsu.

"In suka shafe soron da kika gani, damina huɗu na ba shi. Ni ba zan kai ba wataƙila. Ke za ki kai."

Da sauri ta fito, ko takalmi ba ta tsaya ɗaurawa ba. Ta ce wa Alhaji Badaruddeen ba za ta sa hannu ba sai ta kai rahoto. Ya cire gilashi ya goge, ya zaro takardu biyu daga aljihu, ɗaya daga ofishin Sarki, ɗaya daga oganta, duk sun ce a yi.

"Madam, sa hannunki ado ne kawai. Rahotonki kafin ya hau bene ya sauko, na gama fenti. Su kuma waɗannan masu jiran hannun tsoho, su ci gaba da cin gyaɗa. Yanzu zan je Durumi in kwaso leburorin da ba su san wani Sarkin Magina ba. Kafin la'asar ta yi sanyi mun fara."

Ya shiga motarsa ya fizge ta.

Rosemary ta tsaya tana kallon buhunan. Gaskiya ya faɗa, fayil ba ya gudu a ofishinsu. Ta juyo wurin tsohon.

"Baba, ba abin da za a yi?"

"Akwai. Siminti ba ya kama ɗanyen yaɓe. In muka yaɓe fuskar fada yau da kauri, sai ta yi sati biyu kafin ta bushe har ciki, su kuma kwana tara gare su." Ya nuna wani babban tudu da aka rufe da ciyawa a gefen fada. "Ga ƙasar yaɓen bana can, sati uku tana ruɓa. Makuba ma na jiƙe a tukwane, ɓawon ɗorawa ne, shi ke hana ruwan sama cin bango. Abu ɗaya ya rage, ruwan kwaɓi. Tun da masu fasa dutse suka tare mana rafi, sai mata sun yi tafiyar mil biyu. Kwana uku za su yi suna jido."

Rosemary ta waiwaya. Zacharias na kwance a inuwar tanka, ya rufe fuska da hula.

"Zacharias! Ja motar nan zuwa wancan tudu."

Ya tashi zaune. "Madam, wannan ruwa na siminti ne fa."

"Sunan wa ke kan takardar mota?"

"Naki ne, amma wallahi kwiri za su ba ki. Ni ina da yara huɗu."

"Ka ce ni na sa ka. In an tambaye ka, ka ce har zaginka na yi."

"To ki ɗan zage ni, Madam, kada in yi ƙarya."

"Tashi, malalaci!"

"Yauwa." Ya hau ya tayar da mota.

Ruwa na fara kwarara kan tudun, Yamusa ya tuɓe babbar rigarsa, ya naɗe wando. Ya cusa hannu ya ɗebo dunƙule guda, ya taka har gaban zaure, ya yi bisimilla, ya maka shi a bango. Ƙarar ta kai gindin mangwaro. Leburorin nan goma sha biyu suka miƙe tare kamar an ja su da igiya, suka kwashi shebur da kwanon sarki da tsanin Alhaji Badaruddeen suka nufi tudu. Ɗayansu ya ruga cikin gari yana kira, "Sarkin Magina ya sa hannu! Sarkin Magina ya sa hannu!"

Kafin azahar filin ya cika. Masu shago suka rufe, mahauta suka bar nama, har liman ya zo ya tsaya yana miƙa kwano. Kowace unguwa ta san rabonta a jikin bangon, ba wanda ya tambayi wani. Mata suka shiga kwaɓi da ƙafa, wata dattijuwa mai suna Ikilima tana ba da waƙa suna amsawa. Ita ce ta hango Rosemary tsaye da fayil.

"Ke 'yar gwamnati, ƙafar taki ta gilashi ce?"

"Mama, siket ɗin ne ba ya buɗuwa."

"A ba ta zane!"

Aka ɗaura mata zane a kan siket, aka ja ta cikin laka. Sanyin lakar ya kama ta har gwiwa, ta zame, mata biyu suka tare ta, aka fashe da dariya. Can sama Yamusa na kan tsani, yana bin aikin kowa da tafin hannu, yana faɗa. "Ƙara kauri! Wannan yaɓe ne ko shafa mai? Kai ɗan gidan Wakili, ubanka ma haka yake yi, a kankare a sake!"

Ana sallame la'asar aka shafe zanko na ƙarshe da makuba. Fuskar fada ta koma ja mai duhu, tana ƙyalli, tana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Ba a gama wanke hannu ba motar Alhaji Badaruddeen ta shigo, bas biyu cike da leburori na bin ta.

Ya fito ya tsaya. Ya dubi bango, ya dubi tsaninsa da ya yi dumu-dumu, ya dubi Rosemary da laka har gira.

"Wa ya ba da ruwan nan?"

"Ni ce, Alhaji."

"Za mu zo kanki." Ya juya ga shugaban leburorinsa, wani ƙaƙƙarfan birkila mai hular kwano. "Ku kwaɓa, a fara."

"Da wane ruwa, oga? Tanka wayam."

Aka samo rabin bokiti aka kwaɓa kwano ɗaya. Birkilan ya je ya danna babban yatsa a bango, yatsan ya nutse har gaɓa. Ya girgiza kai. Alhaji ya fizge cokalin da kansa, ya ɗebo siminti ya watsa. Simintin ya ɗan tsaya kamar zai kama, sannan ya sulalo a hankali ya faɗo kan takalminsa. Ikilima ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka.

"A kankare lakar!" Alhaji ya daka tsawa. "Duk a kankare!"

Yamusa ya sauko daga tsani ya tsaya a gaban zaure. Bai ce kowa ya zo ba, amma mutanen gari suka jeru dama da hagunsa, kafaɗa da kafaɗa, tun daga wannan kusurwa har waccan. Rosemary ta shiga tsakanin Ikilima da wani mahauci. Birkilan ya ƙirga su da ido, ya ajiye shebur.

"Oga, shafe ka ce mu zo mu yi. Ba ka ce akwai dambe ba."

Alhaji ya matso har gaban tsohon, yana huci. "Baba, ka san abin da ka jawo wa garinku? Yau zan sa a cire fadar nan daga jerin wuraren baƙi. Ba Bature ko ɗaya da zai taka nan. Ba hoto, ba jarida, ba kwalta."

"A cire," in ji Yamusa. "Shekara ɗari biyu tana tsaye, ban ga ranar da baƙo ya zo ya tokare ta ba. Ka kwashe buhunanka kafin raɓa ta taɓa su, ka ga ni ba na son ɓarna."

Rosemary ta karɓi fayil ɗinta daga hannun Zacharias, ta buɗe a kan bonet ɗin motar Alhaji, ta rubuta cewa ta duba wuri kuma ba ta amince a sa siminti ba. Ta sa hannu, ta ba shi ya gani.

Kwana biyu bayan haka aka cire Zangwai daga jerin, aka kai baƙi kallon madatsar ruwa. Tifa ta zo ta kwashe siminti aka kai wani aikin, kuma da biki ya wuce ba wanda ya sake tuna akwai wata fada da ke jiran fenti. Ita kuwa Rosemary aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a Idu, tare da kwiri mai shafi biyu, ana so ta bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa ta ɓarnatar da ruwan kwamiti tanka guda.

Ta sa takarda a tafireta, ta buga amsa layi ɗaya: "Ban ɓarnatar ba, yana jikin bangon fadar Zangwai, a tura wani ya je ya duba."