Ranar da Aka Ajiye Guduma

Tamfol ɗaya da falanki shida ne suka raba masu fasa bango da masu jiran hoto. Ta nan ƙura da ɓaraguzai, ta can benci uku cike da mutane, kowa riƙe da katinsa. Wata biyu ke nan Magini da mutanensa suna gyaran sashen hoto na asibitin, aikin da aka ce na mako biyar ne, kuma ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Tsayawar ta fi aikin cin rai. Inji ɗaya ya rage yana ɗaukar hoton marasa lafiya, a ɗakin da ke manne da nasu, kuma ba ya son girgiza. Da zarar jan ƙwan fitila ya kama a saman tamfol, dole kowa ya dakata har ya mutu, wani lokaci sau talatin a wuni. In abin ya ishi Magini yakan yi kamar bai gani ba, ya bar mai injin huda bango ya ƙarasa raminsa. Sai ma'aikaciyar hoton ta ɗaga tamfol ta shigo da faɗa, wai hoto ya ɓaci, inuwa ta fito inda babu komai, sai an sake. Leburori suka raɗa mata suna Jar Fitila. Shi kuwa yakan ce mata ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ko a rufe wurin a yi gini, ko a bar shi yadda yake.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne matarsa tana cikin layin. Mako shida tana jira, ciwo a ƙasan haƙarƙarinta, zane sai ƙara yi mata yawa yake. Takan zolaye shi cewa da wani aka ba aikin da tuni an gama, an ɗauke ta hoton. Yakan yi dariya, amma maganar tana sukarsa, don gaskiya ce.

Ranar da layi ya zo kanta, tun da safe ya tattara gudumomi ya zuba a baro, ya zare wayar injin huda da hannunsa, ya ce mai son shara ya yi, wanda ba ya so ya zauna. Mai gyaran lantarki ya tambaya ko Jar Fitila ta ba shi wani abu ne ya ci. Ya kife bokiti ya zauna.

Da jan ƙwan ya kama, a karon farko ya ji abin da ake yi a bayan bangon: gunjin inji ƙasa-ƙasa, da murya tana cewa, “Mama, ja numfashi. Riƙe. To, saki.” Ya tarar shi ma ya riƙe nasa.

Ƙwan ya mutu. An daɗe kafin tamfol ya ɗaga, kuma ba da faɗa ma'aikaciyar hoton ta shigo ba. Ta ce ashe matarsa ce, bai faɗa ba. Ta ce likita na son ganinsu su biyu, yanzu, ba sai sun bi layi ba. Bai taɓa jin ta sassauta murya haka ba.

“Ba za a sake ba?” in ji shi. “Ke kika ce wani lokaci inuwar ta girgiza ce.”

Ta dubi baron, ta dubi leburorin da ke zaune hannu rabbana.

“Yau ba wanda ya buga komai, Baba. Tun da kuka fara aikin nan ban samu hoton da ya fito tas kamar wannan ba.”

Ya miƙe, ya karkaɗe wandonsa duk da babu ƙura a jiki, ya bi bayanta.