Gonar Auta

Kakan kakanmu, Balduin Hentges, ya sauka daga jirgin ruwa a kudancin Barazil da gatari da mace mai ciki, ya tarar gonar da aka yi masa alkawari tun a Jamus kurmi ce, ko rana ba ta ratsa ta. Ya sare, ya ƙone, ya binne 'ya'ya biyu, sannan ƙasar ta yarda ta ba shi masara. Da gonar ta kasa ɗaukar mazan da ya haifa, sai ya bi abin da maƙwabta ke yi: manya su fita su nemi nasu kurmin, auta ya gaji gida ya riƙe tsofaffi. Mu mata kuwa, saniya ɗaya da keken ɗinki, a sauka lafiya.

Haka aka yi ta yi har kan babanmu Edvino, wanda shi ma auta ne, yana kuma taƙama da hakan kamar shi ya zaɓi ranar haihuwarsa. Burinsa ɗaya ne a duniya, kada sunan Hentges ya bar gonar nan. Mu uku ya haifa: Lotário, ni Ilse, sai Nilo.

Lotário ne manomin gidan, shanun huɗa ma muryarsa suke ji. Nilo kuwa rediyo yake so, ya kwance ya ɗaura, ya yi ta zancen birni. Kowa ya ga haka, har Baba. Amma da Lotário ya yi aure ya roƙi ko ɗan gefen rafi ne a yanka masa, Baba ya ce gona ba burodi ba ce. Ya miƙa masa gatari, ya nuna masa yamma. A can daji matarsa ta rasu wajen haihuwa, babu likita kusa, ta bar masa ɗa namiji. Daga baya muka ji ya tsallaka Paraguay yana noma gonar wasu.

Nilo ya zauna da noman taba. Ya shuka, ya fesa magani har hannunsa ya fara rawa, ya kwana biyu bai ce uffan ba a teburin abinci. 'Yan matan kwarinmu duk sun tafi masana'antar takalmi a gari, ba wadda za ta auri mai warin taba da tsoho mai faɗa. Wata safiya bayan girbi na kai wa su Baba burodi, na sami Nilo a rumbun busar da taba, rataye a jikin sandar da ake rataya ganye. Har yau ban yafe wa rumbun nan ba.

Fada, limamin cocinmu, ya zo da hularsa a hannu ya ce wanda ya kashe kansa ba ya shiga maƙabartar coci, sai bayan katanga.

Lotário ya iso a motar haya, kansa fari fat, yatsu biyu babu a hannun dama. Baba na zaune a baranda da ƙoƙon shayin ganye. Ya cika ya miƙa masa, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba.

"Ka tsufa," in ji Baba.

"Na kusa kamo ka."

"To, ka dawo gida. Gonar taka ce yanzu."

Lotário ya zuƙi shayin a hankali, idonsa na kan gefen rafi. Na ga yadda yake kallon wurin, sai zuciyata ta karye, don har yanzu yana so.

"Yanzu, Baba? Da wane ƙarfin?"

"Ɗanka fa?"

"Yana tuƙa babbar mota. Ko sunanmu bai iya faɗa daidai ba."

"In ba kai ba, wa?" in ji Baba. "Ba wanda ya rage mini."

Ina tsaye a gefensu da butar ruwan zafi, ni da nake da 'ya'ya maza huɗu suna noma gonar haya a bayan tudu. Baba bai ko ɗaga ido ya dube ni ba. Na cika masa ƙoƙon har ya zube masa a gwiwa, ban kuma ba shi haƙuri ba.

Lotário ya tambayi inda za a kai Nilo. Da na faɗa masa, sai ya miƙe ya ɗauki shebur ya nufi tsakiyar gonar taba, inda ƙasar ta fi kyau. Shi kaɗai ya haƙa, da hannun nan nasa, bai bar 'ya'yana sun taya shi ba. A nan muka binne ƙaninmu da rana tsaka, ni na ja addu'a.

Da aka gama ya wanke hannu a rijiya ya ɗauki jakarsa. Baba ya biyo shi har bakin hanya yana dogara sanda, ya kama masa hannun riga.

"Lotário, ɗana. Roƙonka nake. Kada a ce babu Hentges a gonar nan."

Lotário ya zare hannun tsohon daga rigarsa a hankali, ba da fushi ba.

"Akwai, Baba. Autanka na ciki. Ba inda za shi kuma."

Motar ta zo, ya shiga.