Ƙarfe Biyar ɗin Ewald

Tun da jaridar Asabar ta zo da hoton agogo a shafin farko, hankalin Gudrun ya ƙi kwanciya. Haka ake yi a Jamus kowace shekara, ƙarshen Oktoba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, ƙarshen Maris a tura shi gaba. Rabin rayuwarta tana ganin ana yi, ba ta taɓa damuwa ba, har daɗin ƙarin barcin take ji. Bana ne abin ya zame mata tashin hankali, saboda mijinta Ewald.

Ewald matuƙin jirgin fito ne a kogin Elbe kafin ya ajiye aiki. Ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali, ya fara da makulli da sunayen maƙwabta, ya zo ya cinye sunan ɗansu Torben, daga baya ya kai kan ita kanta. A cikin gida yanzu bai san ta ba. Ya ɗauka wata mata ce da ake turowa ta yi musu girki, yana kiran ta baiwar Allah, yana yi mata godiya cikin ladabi in ta miƙa masa kofi.

Abu ɗaya ne ciwon bai taɓa ba. Suna sabon aure Gudrun tana aiki a kamfanin kifin gwangwani, shi kuma kullum ƙarfe biyar yakan je wurin tsayawar bas ya tarbo ta. An rufe kamfanin tuntuni, amma har yau agogon hannunsa na nuna biyar zai sa kwat da hula ya fita. Da farko ta yi ta hana shi, ana rigima. Wata rana sai ta bi ta ƙofar baya, ta ratsa lambun maƙwabciyarta Hilke da sandarta, ta riga shi zuwa, don shi doguwar hanya yake bi ta gaban coci. Yana hango ta fuskarsa ta washe.

"Gudrun! Yau kam kin sha aiki."

Ya karɓi jakarta, ya ba ta hannu, suka dawo tare. Suna shiga gida ta koma baiwar Allah, amma wannan 'yar tafiyar ta ishe ta. Tun watan Afrilu a kanta take rayuwa.

Sai dai Ewald da duhu ba sa shiri. Magariba na yi fuskoki sukan ɓace masa, ko Torben ya gani a lokacin sai ya firgita. Gudrun ta san rana tana gajarta, ta dai sa rai da sauran makonni, wataƙila ma ya saba kaɗan kaɗan. Ga shi ƙarfe biyar na yau da sauran haske, na gobe kuwa duhu ne.

Ta shiga gidan Hilke ta tarar da ita a kicin tana fere tuffa, mijinta Detlef, wanda shi ke kula da ginin coci, yana gefe yana satar yanka.

"Detlef, alfarma na zo nema."

"In dai ba tayin kek ba ne. Matar nan ta hana ni, wai tumbina yana riga ni shiga coci."

"Ƙararrawar agogon cocin nan nake so ka rufe wa baki. Ko mako biyu ne."

Ya tsaya da tauna. Ta yi musu bayani: za ta bar agogon Ewald yadda yake, ya ci gaba da fita da sauran haske. Matsalar ita ce da ƙararrawar coci yake saita shi, tun zamanin jirgi haka yake yi.

"Ke Gudrun, agogon gari fa kike magana."

"Garin duka kowa da waya a aljihunsa. Wa yake jin ƙararrawa in ba shi ba?"

"Da zamanin babana ne, da hannu ake yi, sai in ce wani abu ya karye. Wannan ko taɓa shi ba na yi. Kansa yake saitawa, daga can wani wuri ake aiko masa da lokacin. Akwatin ma a kulle yake, makullin yana wurin fastonmu, mace ce da ƙauye huɗu take zagayawa, kuma sai kwamiti ya zauna."

"Ki rabu da shi," in ji Hilke. "Mutumin da agogon motarsa rabin shekara kawai yake faɗin gaskiya."

Babu wanda ya yi dariya sosai. Hilke ta naɗe mata kek a takarda, ta raka ta har bakin shinge, ta ce ko me ake ciki ta ƙwanƙwasa.

Da safiyar Lahadi suna karyawa ƙararrawa ta buga takwas. Ewald ya ƙirga da leɓɓansa, ya dubi hannunsa, ya yi tsaki.

"Agogon nan ya fara wauta."

Ya cire, ya murɗa, ya mayar. Gudrun tana kallo.

Bayan abincin rana ya yi barci a kujera. Ta durƙusa a gabansa duk da ciwon ƙugu, ta ja ɗan kan agogon da farce, ta tura shi gaba awa ɗaya. Ta rufe tagogi duka, ta saki labule, ta sa masa tsofaffin waƙoƙin da yake so ta ƙure murya. Dabarar ta yi aiki. Ƙararrawar biyu da ta uku suka wuce bai ji ba. Agogonsa na nuna biyar ya miƙe ya sa kwat, waje kuwa da haske tas. Ta ɗauki sandarta ta nufi ƙofar baya, zuciyarta har ta fara sanyi.

Yana buɗe ƙofar gaba ƙararrawa ta fara. Ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a karkace, ya ƙirga huɗu. Ya jira ta biyar, ba ta zo ba. Ya dawo ciki ya rataye hularsa, ya sake mayar da agogonsa baya.

"Kin gani ko, baiwar Allah? Da na je na yi ta tsayuwa kamar wawa. Gobe sai na kai shi wurin mai gyara."

"Ka je yanzu mana, wataƙila yau an tashe su da wuri."

"Su? Ba ki san shugaban nasu ba."

Ta zauna a kicin tana kallon hasken yana tafiya daga kan rufin gidan Hilke. Kafin biyar ɗin ta cika har yayyafi ya sauko.

Ta riga shi isa kamar kullum. Ta tsaya daidai ƙarƙashin fitilar titi, ta yaye hular rigar ruwanta don ya ga fuskarta, ruwa yana bin gashinta yana shiga wuya. Ya daɗe bai zo ba. Da ya ɓullo, tafiyarsa ba irin ta kullum ba ce, yana tafe yana waige. Ya iso, ya dube ta, ya taɓa hularsa.

"Barka da yamma. Motar ta wuce?"

"Ewald, ni ce. Na iso."

"Kin san sunana? To kin san matata ke nan. Tare kuke aiki?"

"Dube ni da kyau, Ewald."

Ya dube ta da kyau, cikin tausayi, ya ce ta rufe kanta kada mura ta kama ta. Bas ta zo da fitilunta, ta buɗe ƙofa, wani mutum ya sauka da kare, ta rufe ta wuce. Ewald ya bi ta da kallo.

"Sun riƙe ta. A ruwan nan. Bari in je in ji dalili."

Ya juya ya nufi hanyar kogi, inda kamfanin yake a da. Ta cafko hannun kwat ɗinsa. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, amma ƙarfin matuƙin jirgi yana nan a hannunsa.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ni fa mai aure ne."

Ta bi shi. Ƙafafunsa lafiya lau suke, nata kuwa kafin ta kai kwanar gidan burodi ƙugun ya riƙe. Ta yi ta kiran sunansa, ta ga bayansa ya shige inda fitilun titi suka ƙare. Ta laluba aljihu, wayar tana can kan teburin kicin. Ranar Lahadi ce, kantuna a rufe, titi babu kowa. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta rasa gaba za ta yi ko baya. A ƙarshe baya ta yi, tana jan ƙafa, ta je ta buga tagar Hilke da sanda.

Detlef ne ya samo shi, wajen lokacin cin abincin dare, a bayan shingen filin da kamfanin yake a da. Ya zame a gangaren kogi, laka har gwiwa, takalmi ɗaya ya tafi, yana riƙe da wayar shinge yana kiran a buɗe masa. Da suka shigo da shi haƙoransa suna haɗuwa. Gudrun da Hilke suka tuɓe shi, suka lulluɓe shi, suka ba shi shayi. Detlef ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu.

Washegari Torben ya taso daga Hamburg da akwatin kayan aiki. Ya sa wani sabon makulli can sama a ƙofar gaba, ya sa wani a ta baya.

"Mama, da Detlef ya makara kaɗan fa? Ruwan kogin yana hawa a lokacin."

"Na sani."

"Na yi magana da gidan kula da tsofaffi. Babu gurbi yanzu, sun ce sai bayan Kirsimeti, ko ma ya wuce."

"Ba sai an kai shi ba. Lokacin sanyin nan ne kawai. In an tura agogo gaba a Maris, haske ya dawo..."

Torben ya ci gaba da ɗaure noti, bai ɗago ba. Ita ma ba ta ƙarasa ba. Likita ya riga ya gaya musu yadda ciwon yake tafiya, abin da ya ɗauka ba ya maidowa, kuma Maris da nisa. Ya miƙa mata makullin, ya sumbaci goshinta, ya ce dole ya kama hanya, gobe da aiki.

Ƙarfe biyar Ewald ya sa kwat da hula. Ya murɗa ƙofa, ta ƙi. Ya sake murɗawa, ya jijjiga ta, ya duba ƙasa ya duba sama. Gudrun tana zaune a kan matakala, makullin a aljihun rigarta, tana ji yana taɓa cinyarta.

"Baiwar Allah, ƙofar nan ta cije. Kina da makulli?"

"Ba ni da shi."

"Don Allah ki duba. Matata tana can a tsaye, ko lema ba ta ɗauka ba."

Ya buga ƙofar da tafin hannu, ya kira maƙwabta, ya roƙe ta, har ya ce zai kai ƙararta wurin waɗanda suka turo ta. Ta bar shi ya yi ta yi. Da ya gaji ya zo ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tata, yana haki, hular a kan gwiwa.

"Za ta ce na manta da ita."

"Ba za ta ce ba."

"Ke ina kika sani?"

Gudrun ta ce zato kawai take yi. Suka zauna a nan har numfashinsa ya daidaita, sannan ta dafa bango ta miƙe, ta tambaye shi ko zai sha miyar dankali. Ya ce zai sha, amma ta rage wa matarsa, ta bar mata a kan wuta.